Godiya ga masu shagon agoguna na hannu a Dresden

Zuwa ga maigidan shago da ma'aikatansa, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili, da harshenmu, don 'yan uwana mazauna Jamus su san inda na tarar da amana. Shekara da shekaru ina tara kuɗi da burin mallakar agogon A. Lange & Söhne, samfurin da ake kira 1815. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na nufi na hannu, gabana kuma yana faɗuwa, don duk mai sayen abin da wani ya riga ya ɗaura yana tsoron a rufe shi.

Ban manta yadda dattijonku mai gyara ya karɓe ni ba. Tun ban tambaya ba ya shimfiɗa ƙyalle, ya kife agogon, ya miƙo mini madubin da yake maƙalawa a ido. Ya nuna mini ƙarzuwa biyu a gefen zinariyar. Ya ce maɗaurin fatar ba na asali ba ne, akwatin ma ya ɓata a hannun mai shi na farko, takardu kaɗai suka rage. Ya ƙara da cewa agogon yana ɗan jinkiri, don haka ba zai bar shagon ba sai an kwance shi an wanke an sa mai. Da bai faɗa ba, wallahi da ba zan gane ko ɗaya ba.

Na roƙi a goge ƙarzuwar, ya ba ni shawarar in bari, domin kowace guga tana cin zinariya, tana kashe kaifin gefuna. Na bi maganarsa, ban yi nadama ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne cikin agogon, wanda ake gani ta gilashin baya. Farantin da ya rufe kashi uku cikin huɗu na injin, irin wanda Ferdinand Adolph Lange, wanda ya kafa kamfanin, ya fito da shi a 1864, an yi shi da gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya. Ana ce masa azurfar Jamus, alhali babu ɗigon azurfa a ciki. Ba a shafa masa komai, saboda haka shekaru ke rina shi a hankali zuwa ruwan zuma. Nawa ya riga ya rinu, kuma wannan launi ba ya samuwa a sabon agogo ko nawa mutum zai biya. Ga ƙananan kusoshi da aka gasa da wuta har suka koma shuɗi, ga wani ɗan ƙarfe mai zanen furanni da aka sassaƙa da hannu, wanda dattijon ya ce ba a samun biyu iri ɗaya.

Shi ne kuma ya sa na hau jirgin ƙasa zuwa Glashütte, ɗan garin da ke cikin kwari kudu da Dresden. A can Lange, wanda aka haifa a 1815, ya kafa masana'antarsa a 1845 da almajirai 15, lokacin da haƙar ma'adinai ta mutu talauci ya dabaibaye mutane. Bom ya rushe babban ginin a ranar 8 ga Mayu 1945, aka ƙwace kamfanin a 1948, sunan ya ɓace daga fuskar agogo. Sai da Jamus ta haɗe, Walter Lange, tattaɓa-kunnen Ferdinand, ya sake yi wa sunan rajista ranar 7 ga Disamba 1990, agogunan farko suka fito a 1994. Sana'ar da aka tashe ta bayan shekara arba'in ta cancanci masu sayarwa irinku.

Mako shida na jira. Ranar karɓa, dattijon ya koya mini yadda zan murɗa kan agogon kowace safiya, in tsaya da zarar na ji ya ƙi gaba. Nan take na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana murɗa nasa bayan sallar Asuba. Na ɗaura shi ranar Sallah, siririnsa ya shige ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya kama ba, har yau kuma bai saɓa mini lokaci ba.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara wa shagonku albarka da kasuwa, ya ƙara wa dattijon lafiyar ido da ta hannu.

Naku,
Abokin cinikinku daga Leipzig