Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Ƙungiyar Sikawut ta Gundumarmu

Assalamu alaikum. 'Yan uwa shugabannin runduna, malaman makarantu, iyayen yara da dattawanmu masu ba da shawara, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kwamitin zartarwa ne ya ɗora mini rubuta wannan rahoto. Lissafin kuɗin shiga da na fita da adadin yaran da aka yi wa rajista suna cikin takardar ma'aji, wadda za a raba tare da wannan, saboda haka ba zan maimaita su ba.

Magana guda ce ta yi ta dawowa a kowane zaman kwamiti a bana: yara muna da su, manyan da za su riƙe su ne suka yi ƙaranci. Duk makarantar da muka shiga da kaki da usur, kafin a tashi yara sun cika takarda da suna. Bayan zango ɗaya sai ka koma ka tarar an yi wa malamin da ke kula da su canjin wurin aiki, tuta na naɗe a ofishin hedimasta, yara sun watse. Mafi yawan abin da ke cikin rahoton nan a kan wannan yake.

Yadda shekarar ta tafi

Mun buɗe da Ranar Wanda Ya Kafa Ƙungiya, 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell, wanda ya fara gwada wannan tsari da yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907. An yi fareti, sababbin yara sun ɗauki alkawari an ɗaura musu ƙyallen wuya. Ranar Sikawut ta Afirka kuwa, 13 ga Maris, ta faɗo a farkon azumi, sai muka ajiye fareti a rana muka mayar da ita aikin sharar masallatai, coci-coci da maƙabarta da sassafe. Yaran da ba sa azumi su suka ɗauki nauyin ɗebo ruwa da kwashe shara, kuma ba wanda ya umarce su.

Sansanin kwana da muka tsara yi a hutun ƙarshen zango na biyu bai yiwu ba. Ranar 7 ga Maris aka sace ɗalibai a Kuriga, ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, kuma sai da suka haura mako biyu kafin su dawo. Bayan wannan babu uban da zai sa hannu ɗansa ya kwana a daji, kwamiti ma bai nemi kowa ya yi hakan ba. Muka koma sansanin yini a cikin makaranta mai katanga: a zo da hantsi, a kafa tanti, a dafa abinci, a kwance tanti, kowa ya koma gida kafin magariba. Wasu tsofaffin 'yan sikawut sun ce wannan ba sansani ba ne. Suna da gaskiyarsu, domin yaron da bai taɓa kwana nesa da gida ba, bai yi gadin dare ba, akwai abin da ya rasa. Amma ra'ayin kwamiti shi ne gara a ci gaba da na yini har hankalin iyaye ya kwanta, da a matsa a rasa amanarsu gaba ɗaya.

A Sallah ƙarama da babba yaranmu sun yi aiki a filayen idi tare da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini. Tun kafin ranar shugabanninmu suka zauna da nasu aka raba aiki: su suka riƙe sahu da ƙofofi, mu muka riƙe wurin ajiye yaran da suka ɓace da kuma tsallakar da tsofaffi titi. Wannan zaman ya kawar da 'yar gasar da ake yi a baya ta wane ne zai tsaya kusa da manya. A Kirsimeti ma an yi irin wannan a coci-cocin da suka gayyace mu.

Ranar 1 ga Agusta, wadda ake ɗaura ƙyallen wuya a duk duniya, ta zo daidai da fara zanga-zangar tsadar rayuwa. An umarci kowace runduna kada yaro ya fita da kaki, aka kuma bi umarnin.

Dashen itatuwa da agajin gaggawa

Da damina ta kankama an dasa darbejiya, zogale da mangwaro a makarantu da bakin asibitocin sha-ka-tafi. A shekarun baya mukan dasa, a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun cinye. A bana an sauya tsari. Kowace tawaga, wato ƙaramin rukunin yara shida zuwa takwas da ke ƙarƙashin jagoransu, an ba ta nata itatuwan, an rubuta sunan tawagar a jikin gwangwani an rataya. Su za su kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, su za su yi ban ruwa idan rani ya shigo. Lambar yabo ta kula da muhalli ba za a ba da ita ba sai a watan Afrilu mai zuwa, lokacin da zafi ya kai maƙura, ga tawagar da itacenta ke tsaye. A wata makarantar firamare na ga yara sun huda robar ruwa da allura sun binne ta a gindin mangwaro don ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Jagoran tawagar, wanda ke aji shida, ya ce a wurin kakansa mai lambu ya gani.

Saboda ɓullar amai da gudawa a sassan ƙasar nan a tsakiyar shekara, an mayar da hankali ga koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai yaro ya haɗa da hannunsa a gaban mai jarrabawa kafin a sa masa hannu. An kuma koyar da kwantar da wanda ya suma a gefensa, danne wurin da ke zubar da jini, da sanyaya ƙuna da ruwa mai gudu. A nan an sha fama, domin kusan kowane yaro ya zo da abin da ake yi a gidansu, wannan ya ce manja, wancan ya ce ɗanyen ƙwai, wani ya ce man goge baki. Ma'aikaciyar jinyar da ta ba mu lokacinta kyauta ba ta yi musu dariya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana bayyana abin da kowanne ke jawowa. Da ambaliyar madatsar Alau ta mamaye Maiduguri a watan Satumba, rundunoni sun tara tufafi da tabarmi aka miƙa ta hannun masu kai agaji.

Taron sada zumunci ta rediyo da intanet da ake yi a ƙarshen mako na uku na Oktoba ya zo mana da matsalar wuta. Waya ɗaya ko biyu ta shugabanni yara suka riƙa karɓa-karɓa, duk da haka sun gaisa da takwarorinsu na Ghana da Kenya.

Horar da shugabanni

A nan kwamiti ya kashe mafi yawan ƙarfinsa, kuma a nan nake roƙon a karanta a tsanake.

An gudanar da kwas ɗin share fage ga sababbin shugabanni a ƙarshen mako, ba tare da kwana ba. Yawancin mahalarta malaman firamare ne da na ƙaramar sakandare. Abin da ya fi yi musu wuya ba ɗaure igiya ba ne ko karanta taswira, sakin ragama ne. Malami ya saba ya tsaya a gaban allo ya yi magana yara su saurara. Tsarin sikawut kuwa ya ginu ne a kan tawaga: yaro ne ke jagorantar 'yan uwansa, babba yana gefe yana lura. A wani darasi an ba tawaga tanti aka ce su kafa, aka hana malaminsu magana. Yaran suka kafa shi a karkace, turaku suna kallon inda bai kamata ba, iska ta taso ya faɗi. Malamin ya yi ta murza hula kamar zai fashe. Da suka sake, jagoran ya duba inda iska ke kaɗawa ya juya ƙofar, ya sa aka karkata turakun waje, tanti ya tsaya. Mai horarwa bai ƙara komai ba, ya wuce darasi na gaba.

An daina barin bulala da tsallen kwaɗo a matsayin horo a kowace runduna. Wannan ba shawara ba ce, doka ce, kuma tana cikin manufar kare yara daga cutarwa da Ƙungiyar Sikawut ta Duniya ta amince da ita a 2017. Ƙa'idojin da muka fi nanatawa su ne: babba ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba, ba a fita da yara sai da manya biyu da takardar izinin iyaye, ba a sa hoton yaro a Facebook ko WhatsApp ba tare da yardar iyayensa ba, kuma duk ƙorafi sai an rubuta an kai gaba. Darasin da ke koyar da wannan manufa yana intanet da Turanci, data kuma ta yi tsada, don haka aka riƙa taruwa ana bin sa tare ana fassarawa. Har yanzu akwai shugabannin da ba su kammala ba. Daga zango mai zuwa wanda bai nuna shaidar kammalawa ba ba zai fita da yara ba, komai daɗewarsa a ƙungiya.

Game da babban kwas na Wood Badge, wanda aka fara yi a Gilwell Park kusa da Landan a 1919, 'yan kaɗan ne daga cikinmu suka samu halarta. Kuɗin mota ne ya tare sauran, ganin yadda litar fetur ta haura naira 1,000 a watan Oktoba. Waɗanda suka je sun gama ɓangaren sansani, saura aikin da za su aiwatar a rundunoninsu a zo a duba. Sai bayan nan ake rataya wa mutum ƙwayoyin katako biyu a igiyar fata, alamar ya kammala kwas ɗin. Ina faɗin haka ne domin an fara ganin masu sayen su suna ratayawa a wurin taro. Kwamiti ya ce a daina.

Don maganin mutuwar runduna idan an yi wa malami canji, an yanke cewa kowace runduna ta samu shugabanni biyu, ɗaya daga cikinsu mazaunin unguwa wanda ba ma'aikacin makarantar ba. Inda aka gwada, tela ne, ko mai gyaran babur, ko tsohon soja mai ritaya, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya taso a sikawut. Muna kuma matuƙar buƙatar mata. Iyaye sun faɗa mana ƙarara cewa ba za su saki 'ya'yansu mata ba sai sun ga mace a cikin shugabanni, kuma wannan sharaɗi ne mai ma'ana.

Wani ƙorafin da iyaye suka kawo shi ne gaisuwa da hannun hagu. Al'adar sikawut ce a duniya, amma wani yaro ya je ya miƙa wa kakansa hagu, magana ta kai ga mai unguwa. An sanar da shugabanni su bayyana wa yara cewa wannan tsakaninsu ce a filin fareti. Babba a gida ko a hanya, a rusuna a ba shi hannun dama.

Karrama masu aikin sa kai

A da, in an zo ba da lambar yabo, sunayen manyan baƙi ne ke gaba, waɗanda sau ɗaya a shekara suke sa kaki. Ba mu raina gudunmawarsu ba, an kuma rubuta musu wasiƙun godiya. Amma a bana kundin halarta aka buɗe. Aka duba wane ne ya zo taron mako ba fashi, wane ne ya raka yara har ƙofar gida da yamma ta yi, rundunar wa ce ta ci gaba da zama lokacin da komai ya tsaya. Shugabannin runduna da jagororin tawaga ne suka kawo sunaye, kwamiti ya tantance.

Da aka bi wannan hanya, waɗanda suka fito sun haɗa da malamar da ke riƙe da ƙananan sikawut a makarantar da babu ko filin wasa, telan da ke ɗinka wa marayu kaki yana karɓar kuɗin yadi kawai, mai gadin makarantar da ke buɗe mana ƙofa ranar Asabar, da uwar da ta riƙa zuwa da tukunyarta a duk sansanin yini. Takardar shaida ce da ƙyallen wuya, babu ko kwabo a ciki. An gayyaci iyalansu da masu unguwanninsu aka miƙa musu a gabansu, kuma wannan ya fi takardar tasiri. Kwamiti yana ba da shawarar a mayar da wannan tsari na dindindin, a kuma tura sunayen waɗanda suka daɗe suna hidima zuwa matakin jiha, domin akwai dattawa a cikinmu da suka shafe shekaru da dama ba a taɓa ambatonsu ba.

Abin da ke gaban babban taro

A 2025 sikawut ke cika shekara 110 da shigowa Nijeriya, tun 1915. Wasu sun kawo shawarar babban biki. Ni dai a ganina kuɗin da za a kashe a rumfa da kujeru gara a biya wa shugabanni kuɗin motar zuwa kwas, amma taro ne zai yanke. Yara sun fara tambaya game da Jamborin Duniya, wato babban sansanin 'yan sikawut na duk duniya, na 2027 a Gdansk ta ƙasar Poland. A gaya musu gaskiya: sai mai rajista da ya cika sharuɗɗan shekaru, kuma ta hannun hedikwatar ƙasa ake tafiya. Kada wani ya karɓi kuɗin iyaye da sunan wannan tafiya.

Sauran batutuwan su ne kuɗin rajistar da wasu rundunoni ba su kawo ba, gyaran tantunan da ruwa ya lalata, asusun taimaka wa yaran da ba su iya sayen kaki, da amincewa da dokar shugabanni biyu. Kowane shugaban runduna ya zo da kundin halartarsa da sunan wanda yake ba da shawara ya zama mataimakinsa. Za a sanar da rana da wuri ta zauren WhatsApp na shugabanni.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a cikin shekarar, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Sakataren Gunduma, a madadin Kwamitin Zartarwa