Amsa Ga Matashin Da Ya Tambaye Ni Ina Kuɗin Ƙaramar Hukuma Suke Tafiya

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi da aka yi a sakatariyarmu, ka karɓi lasifika, ka bar manyan da ke kan tebur, ka juyo wurina a layin 'yan fansho. Ka ce: "Baba, kai ka yi shekara 35 a gidan nan. Kotu ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu, kason wata ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai. To me ya sa asibitin mazaɓarmu ma'aikaciya ɗaya ce tal, makarantarmu kuma malamai uku?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tambayar ta kwana a raina. Tunda a gaban jama'a ka yi ta, a gaban jama'a zan amsa maka.

Bari mu fara bin sawun kuɗin. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.6. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa kason namu ya fara sauka a wani asusu da ke hannun jiha, wanda muke kira asusun haɗin gwiwa. Duk wata in an dawo daga zaman rabo a babban birnin jiha, ma'aji yakan shigo ofishina da takarda guda. A samanta adadi ne mai gwaɓi, wanda kuke gani a jarida. Daga nan sai a fara gangarowa: albashin malaman firamare, albashin ma'aikatan lafiya, kason fansho, kason masarauta, kuɗin horas da ma'aikata, sannan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, wato aikin da jiha ta zaɓa da kanta, ta ba da kwangilarsa da kanta, ta cire kuɗin daga namu. In idonka ya kai ƙasan takardar sai jikinka ya yi sanyi. Akwai watan da abin da ya rage bai wuce man janareta da gyaran motar kwasar shara ba. Kashi 10 na kuɗin shigar jiha da doka ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuwa, na bar aiki ban ga watan da ya shigo mana cikakke ba.

Kuɗin shiga na gida ma ba mu da shi. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, haraji da jangali ne suka riƙe hukuma. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, talaka ya yi murna, kuma da gaskiyarsa, don an azabtar da mutane a kansu. Amma ba a zauna an samar da abin da zai maye gurbinsu ba. Abin da ya rage mana shi ne kuɗin rumfar kasuwa, tasha, kara da mayanka, rabinsa kuma yana zurarewa tsakanin mai yankan rasit da baitulmali.

To amma ɗana, ko yau aka juye mana kuɗin duka, asibitinku ba zai cika da ma'aikata gobe ba. Nan ne ciwon yake, kuma shi ne ba a cika magana a kai ba.

Lokacin da na kama aiki, sashen lafiya kaɗai yana da duba-gari a kowace gunduma. Akwai malamin gona mai zaga ƙauyuka da babur, akwai malamin dabbobi, malamin daji, direban gireda, makanikin famfo. Na riƙe kundin ma'aikata shekaru masu yawa, da hannuna na riƙa jan layi a kan sunayensu: wannan ya yi ritaya, wannan ya rasu, wannan ya samu canji zuwa jiha. A gaban layin ba a rubuta sabon suna, don an sa takunkumin ɗaukar ma'aikata, shekara ta bi shekara. Makanikin famfonmu na ƙarshe ya tafi da sanin kowace rijiyar burtsatse a yankin nan, zurfinta da irin cutarta, ba mu ba shi yaro ko ɗaya ya koya masa ba. Yanzu in famfo ya lalace sai 'yan unguwa sun yi karo-karo sun ɗauko mai gyara daga birni.

Kuma ka sani, ciyaman ɗin da kuke tarewa a ƙofar sakatariya ba shi da ikon ɗaukar ma'aikatan da kuke nema. Ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsa, ta yi masa ƙarin girma, ta canja masa wurin aiki. Malaman firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ma'aikatan lafiya, tun da aka shigo da tsarin tattara lafiya matakin farko a inuwa ɗaya, sun koma hannun hukumar jiha. Albashinsu daga kasonmu ake cira, takardar ɗaukarsu daga can take fitowa. Sau nawa aka turo mana ungozoma, ta yi wata biyu a ƙauye babu gidan ma'aikata babu wuta, wani babba ya sa baki aka mayar da ita birni, sunanta kuma yana nan a takardar albashinmu?

Ma'aikaciyar da ka ambata na san ta. Na taɓa kai mata ziyarar aiki ranar awon ciki. Mata sun cika benci har ƙasan bishiyar darbejiya, ita ke buɗe kati, ita ke gwajin hawan jini, ita ke ba da magani, tana cikin haka aka shigo da mai naƙuda a bayan a-kori-kura. Waɗanda suka kama mata 'yan mata biyu ne 'yan sa-kai, sun gama makarantar koyon aikin lafiya da takardunsu a hannu, shekara huɗu suna zuwa kullum ba ko sisi, sai ɗan alawus in an yi zagayen rigakafi. Da zan tafi ɗayarsu ta biyo ni har bakin mota, ta rusuna ta ce, "Baba, ko bana za a ɗauke mu?" Na ce mata in sha Allah, alhali na san babu gurbinta a kasafin da na bari a kan teburina. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji nauyi.

Ba zan ɗora wa jiha laifin duka ba. Mu ma na cikin gida muna da namu. Na ga sunayen bogi a takardar albashi. Na ga jerin yaran 'yan siyasa da ake kawowa a sa su a ƙananan matakai, ba mai ganinsu sai ƙarshen wata, ga aji mai yara fiye da ɗari babu malami. Wasu na ƙi sa hannu, wasu kuma na yi shiru don tsoron canjin wurin aiki, ina roƙon Allah Ya yafe mini.

Shi ya sa ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da babban lauyan tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, na yi farin ciki ƙwarai, ina goyon bayansa har gobe. Amma dubi abin da ya biyo baya. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. A watan Oktoba na shekarar, jam'iyya mai mulki a Kano ta lashe kujeru 44 duka, mai mulki a Kaduna ta lashe 23 duka. Wanda ya san ta hannun wa ya hau kujera, ko kuɗin ya shigo asusunsa kai tsaye, ya san inda zai fara kai gaisuwa.

Ƙarin kason da kake magana a kai gaskiya ne, ya ƙaru. Haka ma dizal, siminti da magani. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, haƙƙin ma'aikaci ne, bai ma ishe shi ba. Sai dai hukumar da albashi ya riga ya cinye mafi yawan kasonta, ita ce ta fi jin nauyinsa. Ka ga abin da ya faru a Abuja: malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya sun shiga yajin aiki a watan Maris na 2025 kan wannan albashin da bashin da suke bi, yara suka yi fiye da wata uku a gida. In haka ta faru a gindin fadar shugaban ƙasa, sai ka auna halin ƙaramar hukumar da ke bakin iyaka, wadda kasuwarta ɗaya ce, mako-mako take ci.

Ga abin da nake so ka yi da ƙungiyarku. Ku rubuta wa kansilanku ku nemi abu biyu a rubuce: takardar rabon wata mai nuna abin da ya shigo da duk abin da aka cira, da sunayen ma'aikatan da aka ce suna aiki a asibitinku da makarantarku. Ku ɗauki sunayen ku je wurin da safe ku ƙirga wanda kuka tarar. Daga nan ku je wurin ɗan majalisarku na jiha da adadin waɗanda suka yi ritaya a mazaɓar cikin shekara 10 ba a maye gurbinsu ba, ku ce a fara da 'yan sa-kai 'yan asalin garin, don su ne ba za su nemi komawa birni ba. In kun samo takardun ku kawo mini gida bayan la'asar, zan zauna da ku mu bi su layi-layi.

Allah Ya yi maka albarka. Ka gaida ma'aikaciyar nan da 'yan sa-kanta biyu.

Naka,
Tsohon jami'in kula da ma'aikata na ƙaramar hukuma