Wasiƙa kan Gumurzun Milliken's Bend

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu ma nan kalau muke, alhamdu lillahi.

Ka ce in an yi hutu za ka kai yara Vicksburg, garin nan na Amurka da aka gwabza a kansa lokacin yaƙin basasar ƙasar tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙe da bayi. Madalla. Duk wanda ya je can, labarin Janar Grant, kwamandan sojojin Arewa, ake ba shi, yadda ya yi wa garin ƙawanya har ya miƙa wuya ranar 4 ga Yuli, 1863. To amma can sama da garin kaɗan, a tsallaken kogin Misisipi ta gefen Luwiziyana, an gwabza wani faɗa ranar 7 ga Yuni wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Sunan wurin Milliken's Bend.

Mafi yawan masu tsaron wurin baƙar fata ne, tsofaffin bayi daga gonakin auduga, waɗanda Arewa ta ɗauka soja 'yan makonni kafin ranar. Wasu ko ɗura bindiga hannunsu bai gama faɗawa ba. Kanar Hermann Lieb ke jagorantarsu, tare da 'yar ƙaramar rundunar farar fata daga Iowa. Kafin gari ya waye sai ga sojojin Kudu 'yan Texas, wajen 1,500, ƙarƙashin Janar McCulloch. Masu tsaro suka saki wuta, amma kafin su sake ɗuri abokan gaba sun haye ganuwar ƙasar da ke tare ambaliya. Daga nan fa sai ƙirji da ƙirji, ana suka da wuƙar bakin bindiga, ana duka da gindinta. Aka koro masu tsaro har gaɓar kogi, suka dage a nan, sai da jirgin ruwan yaƙin Arewa mai suna Choctaw ya fara luguden wuta 'yan Texas suka ja da baya.

Runduna ta 9 ta Luwiziyana, ɗaya daga rundunonin baƙar fatan, fiye da rabin mutanenta an kashe ko an jikkata. Malam, abin da ke tsaya mini a rai shi ne waɗannan bayin Allah sun san abin da ke jiransu in an kama su, ko a mayar da su bauta ko a kashe. A lokacin hafsoshi da dama na Arewa gani suke baƙar fata ba zai tsaya a fagen daga ba. Charles Dana, wakilin ma'aikatar yaƙi a sansanin Grant, ya shaida cewa wannan rana ta sauya ra'ayin sojoji.

Kada ka wahalar da kanka neman filin. Kogin ya canja hanya tuntuni ya cinye shi. Abin da nake roƙo, in kun tsaya a bakin ruwa, ka zaunar da yaran ka ba su labarin da bakinka, don jin daɗin ganin igwa ba zai bari su tambaya ba.

Ka gaishe min da mutan gida. Allah ya kai ku lafiya.

Naka,
Sani