Nescafé mai kauri ba esfireso ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani mai shayi kusa da babbar kasuwar Maradi da ya rubuta "esfireso" a allonsa. Na saya. Nescafé ne cokali biyu, ya rage ruwa, ya kaɗa har ya yi kumfa. Haba malam!

Ni kaina na taɓa shan kunya. Ranar da aka fara miƙo mini na ainihi a Yamai, na leƙa ɗan kofin, bai kai rabin na shayinmu ba, na ce wa yaron ya cika mini. Ya yi dariya, ya nuna mini injin. Garin gahawa ne mai laushi, a danne shi sosai, ruwan zafi ya ratsa shi da matsin "bar" 9 (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan) cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ya fito wajen mililita 30 da kumfa ruwan ƙasa a samansa. Akwai ma wanda Italiyawa ke kira ristretto, ruwansa bai ma kai haka ba. A Italiya aka ƙirƙiro injin, tun 1884 aka yi wa na farko rajista a Turin.

Masu gahawa ta musamman, wadda masu ɗanɗano suka ba maki 80 ko fiye cikin 100, suna ji da wannan kurɓi don ba ya ɓoye aibi. In ƙwayar ta ƙone wajen suya, harshe zai faɗa maka nan take. Wadda na sha ta Habasha ce, da ɗan tsami kamar lemo.

Mai shayinmu kuwa hannunsa na da daɗi, ya dai goge allon nan.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Ɗan Gulbi, Maradi