Garki ta girmi Abuja: a gyara yadda ake ba da tarihinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin Abuja sai a fara daga 1976, kamar kafin nan ba kowa a wurin sai ciyawa da duwatsu. Wannan kuskure ne, kuma Garki kaɗai ta isa hujja. Sunan da yau yake kan Area 1 da Area 11 da Garki II sunan ƙauye ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, manoman doya da dawa, tare da Hausawan da suka zauna cikinsu tun da daɗewa. Ƙauyen yana nan har yanzu a tsakiyar Garki II, da sarkinsa mai sarautar Sa'peyi. Haka Wuse da Maitama da Jabi da Utako, duk sunayen garuruwan mutane ne.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta fitar da doka mai lamba 6 da ta kafa yankin sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanki ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a kai shi wajen yankin da kuɗin gwamnati. Da aka ƙidaya mutane aka ga abin ya fi ƙarfin aljihu, sai a 1978 gwamnatin Obasanjo ta ce wanda aikin gina birni ya taɓa kaɗai za a tayar. Mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a hanyar Kaduna, na Maitama aka kai su Kubwa. Garki kuwa aka bar ta. A 1992, shekara guda bayan Babangida ya tare a Abuja, aka ce a gwada haɗe ƙauyen da birni ba tare da an tashe shi ba. A 1999 aka soke wannan shawara, daga baya kuma aka gina gidaje a Apo domin a mayar da mutanen Garki can. Mutum zai zuba kuɗinsa ya yi gini mai ƙwari a gidan da ake ce masa yau zauna, gobe tashi?

Abin da ya kamata masu sauraro su fahimta shi ne yadda birni ke cin ƙauye, domin ba daga gidaje yake farawa ba. Gona ake fara ɗauka. Tsarin mulki ya danƙa ƙasar Abuja duka a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka ba a biyan diyyar ƙasa ita kanta, sai abin da ke kanta: amfanin gona, da bishiyoyi irin su ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, da gini. Manomi ya karɓi kuɗin shukar shekara guda, gonar da ta ciyar da kakanninsa ta tafi har abada. Abin da ya rage masa shi ne tsakar gida, shi kuwa ma'aikaci da ɗan kasuwa suna neman ɗaki mai araha kusa da wurin aiki. Sai a rushe rumbu a yi ɗaki, a toshe garke a yi shago, a ci rabin lungu a ƙara wani ɗakin. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma ɗauke da 'yan haya goma ko fiye, masai kuwa ɗaya ne. Rijiya na kusa da ramin masai, ruwanta ya gurɓace, kowa ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Kwata ta rasa hanyar fita, domin manyan magudanan birni an tsara su ne da titunan da suka kewaye ƙauyen, ba a shigo da su ciki ba. In gobara ta tashi, motar kwana-kwana sai dai ta tsaya a bakin titi. Kuma tun da gidan gado ne ba shi da takardar mallaka, banki ba zai karɓe shi jingina ba, balle a samu kuɗin gyara.

Shi ma sake matsuguni yana da inda yake lalacewa, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne. Ana ƙidaya magidanta yau, ba a gama gidajen ba sai bayan shekaru. Kafin nan yaran da aka rubuta a ƙarƙashin ubansu sun yi aure sun hayayyafa, gidaje ba su isa ba. Wasu sunayen da ba na 'yan gari ba su kutsa cikin jerin. A ba manomi gida babu gona kusa, to me zai ci? Dole ya sayar ko ya sa haya. Ba a kuma yi maganar maƙabartu da wuraren ibadar gargajiya ba, waɗanda ba a ɗaukar su a mota.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku tura wakili da na'urar naɗar murya zuwa Garki da Sabon Wuse da Kubwa da Apo. Ya nemi dattawan da suka yi noma kafin 1976, maza da mata, ya tambaye su jerin sarakunansu, da inda kasuwa take da ranar cinta, da rafin da ake ɗebo ruwa, da gonar wane ce ke ƙarƙashin wane gini a yau. A naɗa da Gbagyi da Hausa, a rubuta sunan wuri yadda masu shi ke faɗarsa, a ajiye kwafi a fadar Sa'peyi da Jami'ar Abuja. Wanda yake da shekara 20 lokacin da aka yi dokar yau ya doshi 70, saboda haka kada a jira wani bikin cika shekara kafin a tafi.

Naku,
Mai sauraronku daga Abuja