Barka da Sallah daga Fojiya, da Maganar Wani Ganye

Assalamu alaikum warahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina fata kun wayi gari lafiya, da Yaya da iyalinsa, da Goggo, da duk mutanen gida. Auta, na san kai za ka karanta musu wannan a waya, to ka bi a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ɗazu muka sauko daga idi. Mun yi salla tare da 'yan Senegal da Maroko da Gana, da wasu 'yan Nijar biyu da muke Hausa da su. Liman na yin sallama hankalina ya tafi gida. Na tuna tuwon shinkafa da miyar taushen da Inna kuke ɗorawa tun asuba, da yara ɗauke da kwanuka ana kai wa maƙwabta. Na yi kewarku ƙwarai, sai dai alhamdu lillahi ina cikin ƙoshin lafiya.

Azumin bana a gona na yi shi. Wannan yanki na Fojiya, a kudancin Italiya, fili ne shimfiɗaɗɗe kamar namu na Kadawa, kuma su ma gwanayen tumatir ne. Amma su da zafi suke yinsa. Idan sanyi ya shigo, daga Nuwamba har wajen Afrilu, sai gonaki su koma wani ganye da ake kira burokoli. Shi muke yanka da wuƙa tun da sassafe, raɓa na jiƙa hannu, a jera a akwatuna, manyan motoci su kwashe, wasu har Jamus. Wanda ya ɗan fashe ko bai yi girman kasuwa ba, maigonar kan ce mu ɗiba. Da shi na yi buɗa-baki kusan kullum.

Ɗan'uwan kabeji ne, zuriyarsu ɗaya, kuma asalinsa nan ƙasar ne, har sunan ma daga harshensu ya fito. Ba ya naɗewa kamar kabeji. Kai yake fitarwa, kore shar, dunƙule kamar ka hango bishiyar mangwaro daga nesa. Wannan kan kuwa ba komai ba ne illa dubban furanni da ba su kai ga buɗewa ba.

Abin da ya sa na kawo zancensa a ranar Sallah, Yaya ya gaya mini likita ya ce sukarin Baba ya hau, jinin ma haka, kuma an ce ku rage tuwo ku yawaita ganye. Tun ranar abin ke cina a rai. Baba, ba na ce magani ba ne, ku ci gaba da shan ƙwayoyinku yadda aka rubuta. Amma abinci ne da ke cika ciki ba tare da ya ɗaga sukari ba. A giram 100 na ɗanyensa kalori 34 ne kawai, ga harza mai taimakon hanji, ga bitamin C wajen miligiram 89, alhali lemon zaƙi mai nauyin haka bai wuce 53 ba. Yana kuma da bitamin K da yawa, don haka duk mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Inna, yanzu ga naku ɓangaren, don duk sirrin a wuta yake. Ranar da na fara dafa shi, na yi masa dahuwar zogale, na bar shi yana ta tafasa. Ya fito ya yi laushi tiɓis, launinsa ya mutu, ɗakin ya ɗauki wari. Wata tsohuwa da muke aiki tare ce ta nuna mini. A yanka shi reshe-reshe, a jiƙa cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci don tsutsa da darɓa su fito, sannan a turara a madambaci minti 4 zuwa 5. Da ya yi kore mai haske, cokali mai yatsu ya shige shi da ɗan ƙarfi, a sauke. Bitamin C ruwa yake bi, zafi kuma na kashe shi, shi ya sa idan an tafasa aka zubar da ruwan, amfanin ya tafi kwata. Kuma don Allah kada a sa masa kanwa. Tana riƙe launi, amma tana lalata wannan bitamin ɗin. Ni a ganina ko alayyafonmu da zogalenmu muna yi musu dahuwar da ta wuce ƙima.

Abin da na fi so da shi kwaɗo ne. Na samu gyaɗa a shagon wani ɗan Gana, na soya, na daka har ta kusa zama ƙuli-ƙuli. Na zuba a kan turararren burokoli da albasa da tumatir da ɗan attarugu, na matsa lemon tsami, na ɗiga mai kaɗan. Wallahi Inna, lomar farko sai da idona ya kawo ruwa, don ɗanɗanon kwaɗon ramarku ne ya dawo mini, sai dai wannan ba shi da tsami kuma yana da ɗan garas-garas a haƙori. 'Yan Nijar ɗin nan yanzu kullum sai sun tambaya ko akwai. Ku da kuke da ƙuli-ƙuli na gaske, naku zai fi nawa nesa ba kusa ba. Na Baba a rage gishiri da dunƙulen magi, a bar daddawa da tafarnuwa su yi aikin.

Na gwada shi a dambu ma. Ana yanka shi ƙanana a cakuɗa da tsakin a turare na biyu, daidai inda ake sa zogale. A miyar gyaɗa kuwa sai miya ta nuna tukuna a zuba shi, a rufe minti 5 a sauke. Mutanen nan da taliya suke cinsa, da man zaitun da tafarnuwa da barkono, ganyen ya fi taliyar yawa, kuma wannan tsari nasu ya burge ni.

Don yara akwai hanya biyu. A shafa masa mai kaɗan, a gasa a kan waya bisa garwashi har gefensa ya ɗan yi ja, a barbaɗa yajin tsire. Ko a yanka shi mitsi-mitsi a zuba cikin ƙullun ƙosai ko wainar ƙwai. Karan nan mai kauri kada a yar, a fere bayansa, cikin fari ne mai zaƙi-zaƙi, ana ci ɗanye kamar gurji. Ganyayen gefe ma suna shiga miya.

Yaya, saura kai. A Najeriya manoman Jos ne suka fi yinsa saboda sanyinsu, domin ba ya son zafi, ya fi jin daɗin ma'aunin zafi digiri 15 zuwa 20. Amma tunda kabeji na yi mana da hunturu da ruwan Tiga, ina son ka gwada. Na ba wani ɗan Kura da zai taho gida ƙunshin iri biyu, zai kira ka. Ka yi renonsa kamar na kabeji a ƙarshen Oktoba, bayan sati 4 zuwa 5 ka dasa, tazarar kamu ɗaya, da takin gida sosai, kada kuma ruwa ya yanke masa. Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe kai zai haɗu, wato daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, kafin zafi ya kawo jiki. Ka yanke tun yana dunƙule, da ka ga ɗigon rawaya to fure ya fara buɗewa, an makara. Kada ka tuge gindin, zai ci gaba da fitar da ƙananan kawuna ta gefe har makonni. Kwami biyu kacal za ka ba shi a gefen albasa, kada ka taɓa wurin tumatir. Na gida nake nufi tukuna. In ya karɓi ƙasar, sai mu yi maganar kasuwar 'Yankaba baɗi.

Kafin nan, Inna, kabeji da zogale da alayyafo suna nan, a riƙa turara wa Baba su yadda na faɗa, a cika rabin kwanonsa da su.

Na turo saƙo ta hannun Yaya. A fitar da goron Sallar Goggo da Kawu, a ba yara barka da Sallah, sauran na maganin Baba ne. A gaishe mini da Liman da Mai Unguwa. Auta, ka ɗauko mini hoton Baba da Inna cikin kayan Sallah kafin rana ta faɗi. Ku ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Ɗanku da ke Fojiya.