Takardar Koke Kan Ƙwacen Waya da Faɗan Daba a Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne na cikin birnin Kano, ba mu so damunka da takarda ba, amma tura ta kai bango.

Ranka ya daɗe, daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, yara uku suka tare wani ɗalibi a bakin kangon da ke bayan masallaci. Ya miƙa musu wayar ba gardama, duk da haka suka kafta masa ɗan bida a kafaɗa. Da hiramin wani dattijo aka ɗaure raunin kafin a samu Adaidaita Sahu zuwa asibiti. Kafin asuba matasanmu suka damƙe wani yaro suka yi masa jina-jina, har wasu na cewa a kawo taya da fetur. Daga baya aka gane ba ya cikinsu. Abin da ya ja masa kawai, ya taɓa zaman gidan yari a Goron Dutse. Wallahi wannan dukan ya fi saran tayar mana da hankali, domin 'ya'yanmu na kirki ne suka yi shi.

Mun yi taro, mun yi karo-karo mun sa fitilu, mun ɗauki 'yan sintiri, limamai sun yi huɗuba, ƙara kuwa mun kai har mun gaji. A kama yaro da safe, la'asar ya dawo yana nuna gidan wanda ya kai ƙararsa. Masu belinsu ba ɓoyayyu ba ne, su ne dai waɗanda suka raba musu kuɗi da ƙwaya lokacin zaɓe. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma a kangon nan ana sayar da shi tare da tiramol da wiwi da sholisho, ido na ganin ido.

Allah ya taimake ka, mu ma iyaye muna da namu. A da ɗa na kowa ne, maƙwabci ya tsawata masa a yi godiya. Yau ka kwaɓi yaro, uwarsa ta fito da mayafi a hannu. Wanda kuma ya tuba ya dawo, ba mai ɗaukarsa ko yaron shago, ba mai ba shi 'ya, kowa ɗan daba yake kiransa. Ina zai nufa in ba wurin tsofaffin abokansa ba?

Muna roƙon a kira mai kangon nan, ya gine shi ko ya toshe shi. A haɗa mu zama da 'yan sanda da Hisbah da hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi (NDLEA) a gabanka, a fara da dilolin, ba ƙananan mashaya ba. A nema wa yaran da ƙwaya ta ci gurbi a makarantar gyaran tarbiyya ta Ƙiru, kuma ka sa baki kafintoci da masu walda su karɓi waɗanda suka tuba. A ja kunnen 'yan sintiri su daina duka, su miƙa wa hukuma. Duk mai zuwa beli kuma a sanar da Mai Unguwa sunansa. Batun kangon nan dai, don girman Allah a duba shi a makon nan, ɗalibin nan har yanzu yana kwance.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, limamai, iyaye mata da matasan unguwa.